Kwana 5 kacal gare mu, wane tsibiri za mu je mu huta?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa zuwa hutu irin tsibiran nan masu farin yashi da bishiyar kwakwa. Ni da maigida ne za mu, aiki ya ci mu wallahi, shi in ya fita tun safe sai dare, ni ma haka, har ta kai in mun zauna hira sai barci ya ɗauke ɗayanmu magana na baki. To yanzu Allah ya sa mun samu hutu lokaci ɗaya amma gajere ne, kwana 5 ne duka har da ranar tafiya da ranar dawowa, kuma zaɓi biyu gare mu, ko a Afrilu ko a Yuli. Yara akwai mai riƙe su, wannan ba matsala.

Ni dai ba yawo nake nema ba, hutu nake so na gaske, in kwanta in tashi don kaina ba waya ce ta tashe ni ba, in zauna bakin ruwa iska na kaɗa ni ba wanda ke kiran sunana. Na duba Zanzibar da Maldibs da Seshels da Morishus a intanet har idona ya gaji, duk hotunan iri ɗaya ne, shuɗin ruwa da lema da kujera, na rasa ta inda zan bambance su. Shi maigida cewa yake mu haɗa biyu tunda an riga an fito, kwana biyu nan kwana biyu can, ni kuma raina bai kwanta da hakan ba. Sannan ban iya iyo ba ko kaɗan, jirgin ruwa ma in ya fara tangaɗi zuciyata tashi take. Wanda ya sani ya taimaka, wanne ya fi dacewa da mu, kuma wane wata?

Matafiyi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar haɗa tsibiri biyu dai ki lallaɓa maigida ya ajiye ta, taura biyu ba ta taunuwa. Ki ɗauki biro ki yi lissafin a gabansa: ranar farko ta hanya ce, ranar ƙarshe ma ta hanya ce, saura 3 kenan cikakku. Otal yawanci sai 2 ko 3 na rana suke ba da ɗaki, ranar fita kuma 11 ko 12 su ce a kawo makulli. In kuka sauya wuri a tsakiya to wannan ranar ma ta tafi a haɗa kaya da zaman filin jirgi da layin duba fasfo, sai ku koma gida da gajiyar da ta fi wadda kuka fito da ita. Kuma ƙasashen nan a taswira ne kawai ake ganinsu kamar maƙwabta don duk a Tekun Indiya suke, amma daga Zanzibar zuwa Seshels ya haura kilomita 1,500, ita Maldibs kuwa can take kusa da Indiya da Sri Lanka.

Abu na biyu, ba tsibirin za ki fara zaɓa ba, watan za ki fara tsayarwa, shi zai nuna miki tsibirin. Zanzibar a Afrilu tsakiyar babbar damina ce, su suna ce mata masika, daga Maris zuwa Mayu, ruwa ne da kan wuni yana zuba har wasu otal-otal rufewa suke su yi gyara. Shi ya sa za ki ga ɗakuna sun yi araha a watan, kar arahar ta ja ki, mai wata guda zai iya jiran rana ta fito amma ku ba ku da wannan sararin. Yuli kuwa shi ne lokacinta, daga Yuni zuwa Oktoba ba ruwan sama sosai, zafin ma da sauƙi, da dare har sai ki nemi mayafi.

In Zanzibar ɗin kuka tsayar to ga abin da hoto ba ya nunawa, wato cika da janyewar teku. Sau biyu a wuni ruwan ke cika ya kuma ja baya, tsakanin cika da janyewa wajen awa 6, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50. A gabashin tsibirin, irin su Paje da Jambiani da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗe yake, in ruwa ya janye sai ki hango shi can nesa, tafiya ce sosai kafin ki taɓa shi, musamman farkon watan sama da kuma daren 14 da 15 in wata ya cika, nan ne janyewar ta fi tsanani. Ba wai ba kyau ba ne fa. Ni a Jambiani na zauna da hantsi ina kallon matan garin sun shiga filin da ruwa ya bari, sun kafa 'yan turaku jere-jere da igiya a tsakani suna ɗaure ciyawar teku da suke nomawa, wadda ta nuna su cika buhu su ɗora a ka su fito da ita shanya, ruwan ko gwiwarsu bai kai ba, har yanzu in an ce Zanzibar su nake fara tunawa. Amma mai kwana kaɗan da yake so duk sanda ya buɗe ƙofa ya ga ruwa a gabansa, arewa zai nufa, Nungwi ko Kendwa, can gaɓar ta fi zurfi ruwan ba ya yin nisa. Ƙari kuma a Yuli iskar kudu na kaɗawa da ƙarfi a gabas, shi ya sa masu wasan lilo da iska a kan ruwa ke cika Paje, Kendwa kuwa yamma take kallo, ruwan a kwance, rana a gabanki za ta faɗi.

Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi wajen awa ɗaya da rabi ne a mota, ki sa otal ɗin su turo muku direba tun kafin ku sauka, kar ku tsaya ciniki da masu tasi da gajiya a jiki. Sannan tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorarsu ta dole, dala 44 aka sa wa mutum ɗaya, ko da kuna da wata inshorar ta tafiya. A intanet ake biya, ku gama da ita tun a gida.

Gwaggon Yara:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya huta gajiya. Malam Matafiyi ya gama magana kan Zanzibar, ni bari in faɗa miki ta Maldibs don in Afrilu kuka ɗauka ita zan ce ki je ba wata ba. Raninsu daga Disamba ne zuwa Afrilu, teku a kwance sumul, mai tsoron tangaɗi irinki nan ne zai fi samun natsuwa. Daga Mayu iskar damina ke juyowa har zuwa wajen Nuwamba, ana samun rana amma ana samun hadari da igiyar ruwa, ga shi can kusan komai da jirgin ruwa ake zuwa.

Ki gane yadda ƙasar take tukuna. Tsibirai ne ƙanana kusan 1,200, filin jirgin Velana ma a kan nasa tsibirin yake, gada ce ta haɗa shi da Malé babban birnin, 2018 aka buɗe ta. Masauki iri biyu ne. Akwai tsibirin da otal ɗaya ya mallake shi gaba ɗaya, ba gari ba kasuwa ba kowa sai baƙi da ma'aikata, akwai kuma tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, waɗanda tun wajen 2009 aka ba su damar buɗe ƙananan masaukai, irin su Maafushi da ke kamar rabin awa daga Malé a jirgin ruwa mai gudu. Na farkon shi ne hutun da kika kwatanta, shiru kamar ba mutane, amma ki buɗe ido wajen kuɗi. Tunda ba wani wurin cin abinci sai nasu, ki tambaya tun wajen kama ɗaki ko kuɗin ya haɗa da abinci sau nawa, in ba haka ba ko ruwan gora sai ya shiga takardar bashi. Kuma farashin da suke rubutawa sau da yawa ba a sa kashi 10 na hidima ba, ba a sa harajin gwamnati ba, ga wani harajin muhalli da ake lissafawa kowane dare kan kowane mutum. Akwai wani otal da muka sauka, ranar fita suka miƙo mana takarda mai shafi biyu, har shayin da aka kawo ɗaki ba mu nema ba yana ciki, sai da maigidana ya zauna da manajan aka bi layi-layi aka cire abin da ba namu ba. Ki ce su rubuto miki jimillar kuɗin gaba ɗaya ta imel kafin ki biya komai.

Sai babban tarkon mai gajeren hutu, otal ɗin da ke nesa. Waɗannan da jirgin sama mai sauka a kan ruwa ake kai mutane, kuma shi da rana kawai yake tashi, in jirginku ya sauka bayan la'asar to sai dai ku kwana kusa da filin jirgi, a Hulhumalé ko Malé, gari ya waye a kai ku, kin ga dare ɗaya ya tafi kenan a cikin 'yan kwanakin. Kuɗinsa daban ne, ɗaruruwan daloli kan mutum ɗaya, kaya ma kilo 20 suke yarda da shi ban da ƙaramar jakar hannu. Ki nemi otal ɗin da ke tsakanin minti 15 zuwa 40 a jirgin ruwa daga filin jirgi, suna da yawa kuma ruwansu ɗaya ne da na nesan. Jiragen ruwan gwamnati masu araha kuma ba sa aiki ranar Juma'a, ki sa wannan a lissafi in tsibirin 'yan gari za ku.

Abin da ya sa nake son wurin, ƙasar Musulmi ce, a tsibiran 'yan gari ba a sayar da giya, ana so baƙo ya suturta jikinsa a cikin gari, masu son shiga ruwa da ƙananan kaya an keɓe musu gefe guda. Biza kuma a filin jirgi ake bugawa kyauta ta kwana 30, sai dai akwai fom na intanet da ake cikewa cikin awa 96 kafin a sauka. In da hali ki kama ɗakin da ke bakin yashi ba na kan ruwa ba, na kan ruwan shi ne a hoto amma matakalarsa kai tsaye cikin teku take sauka, ke da ba ki iya iyo ba na bakin yashin zai fi miki daɗi, ki taka a hankali ki tsaya inda ranki ya kwanta.

Maman Biyu:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gwaggo wallahi ɗakin kan ruwan nan shi na fi so a hoto, ban taɓa kawo maganar matakalar ba. Na nuna wa maigida lissafin Malam Matafiyi ya yi shiru, da alama ya sauko. To Seshels fa, ba wanda ya ce komai a kanta, ita ce ta fi burge shi saboda manyan duwatsun nan na bakin ruwa. Sannan tsakani da Allah wanda bai iya iyo ba zai ji daɗin irin wurin nan kuwa, ko kallo kawai zan yi in dawo?

Ɗan Teku:

Anti za ki ji daɗi sosai, rabin mutanen da ke kwance a bakin tekun nan ba wani iyo suke ba. Amma bari in fara da Seshels ɗin. Duwatsun da Yaya ya gani a hoto a La Digue suke, bakin ruwan da ake kira Anse Source d'Argent, kuma zuwa can hawa-hawa ne: jirgin sama ya sauke ku a Mahé, ku hau jirgin ruwa wajen awa ɗaya zuwa Praslin, ku sake hawa wani na minti 15 zuwa La Digue. A Afrilu ba laifi, lokacin iska ke sauya hanya teku na lafawa, haka ma Oktoba da Nuwamba. Amma a Yuli iskar kudu maso gabas na kan ganiyarta, tsakanin Mahé da Praslin ɗin nan jirgin sama yake yi ya dawo ƙasa, ma'aikatansa da leda a hannu suke zagayawa suna raba wa fasinja, ga ciyawar teku da iskar ke tarawa a wasu gaɓoɓin. Akwai ƙaramin jirgin sama daga Mahé zuwa Praslin na kamar kwata ɗin awa ga wanda ba ya son ruwan. Wuri ne mai kyau ba ƙarya, La Digue kusan kowa a keke yake yawo, a Praslin kuma akwai dajin Vallée de Mai inda kwakwar nan ta coco de mer ke fitowa, wadda ƙwallonta ya fi na kowace shuka girma a duniya. Sai dai ni a ganina Seshels ta mai mako guda ce ko fiye, ku ajiye ta sai wani karon.

Maganar ruwa kuma, ki riƙe waɗannan. Duk jirgin da za ki hau komai ƙanƙantarsa ki ce a ba ki rigar nan mai hana nutsewa tun kafin a kunna inji, ki ɗaure ta da kyau, kar ki ji kunyar kowa, in sun ce babu ki sauka. Maganin tashin zuciya ana shansa ne kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a hau, in an riga an fara jin jiri ba ya yin wani aiki, ki zauna wajen tsakiya ko baya inda iska ke shigowa ki riƙa kallon nesa, ki ajiye waya. A bakin ruwa kar ki wuce ƙugu, kuma ki tambayi ma'aikatan otal inda ya dace a shiga don akwai wuraren da ruwa ke da wata hanya da yake komawa ciki da ƙarfi, daga sama a kwance za ki gan shi alhali ja yake. Wannan Yaya za ki faɗa wa in shi ya iya iyo: in ya ji ruwa na jansa ciki kar ya yi kokawa da shi ya nufo gaɓa kai tsaye, ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga jan sannan ya juyo, ya ɗaga hannu a gan shi.

Ki sayi takalmin roba mai rufe ƙafa na shiga ruwa. A Zanzibar musamman in ruwa ya janye akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke maƙalewa jikin duwatsu, in aka taka ta ƙayar karyewa take a cikin fata, hutun ya koma ɗingishi. Murjani ma yana yanka. Rana kuma kar ki ce ai fatarmu ba ta ƙonewa, tana ƙonewa, iskar teku ce ke hana mutum ji sai da dare kafaɗa ta ɗau raɗaɗi. Man kariya mai lamba 30 ko sama, a sake shafawa duk bayan awa 2 da kuma in an fito daga ruwa, tsakar rana a nemi inuwa, a yawaita shan ruwa. Sauro akwai shi, a Zanzibar ana samun maleriya ko da ba ta yi yawa ba, ki ga likita kafin tafiya, ki tambaye shi har da katin allurar shawara don wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar ana neman katin a wajensa, kuma sai allurar ta kwana 10 take fara aiki a takarda.

Malamin Tarihi:

Ni dai ina da ja kaɗan. Kowa na ta cewa a kwanta a huta, na yarda, amma mutum ya je har Zanzibar ya dawo bai taka Stone Town ba, wato tsohon birnin tsibirin, ai an yi asara Hajiya. Farin yashi akwai shi a ƙasashe da yawa, wannan garin kuwa guda ɗaya ne. Nan ne Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat a ƙarni na 19, kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi suka tara wa garin dukiya, har yau in kina tafiya a lungunan za ki ga ƙofofin katako da aka sassaƙa da hannu masu ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyi a saman su, lungu ya matse har mota ba ta shiga sai babur da masu tura kaya. Kasuwar bayin 1873 aka rufe ta, aka gina coci a kan filin, akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, wanda ya shiga ya ga ƙanƙantarsu jikinsa sai ya yi sanyi. Ga tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal, ga Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, duk da wani sashensa ya rufta a Disamban 2020. A gaban waɗannan gine-ginen ne jiragen ruwan yaƙin Ingila suka yi wa fadar sarki luguden wuta a 1896, yaƙin da bai kai awa ɗaya ba aka gama. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000.

Kuma ba wahala ba ce, da ƙafa ake zagayawa, in kin gaji ki zauna ki sha gahawa. Da magariba a lambun Forodhani da ke bakin ruwa masu gashin kifi da sauran kayan teku ke kafa tebura, samari na tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa. In da sauran lokaci ga tsibirin Changuu kamar rabin awa a kwalekwale, inda manyan kunkuru suke, asalinsu daga Seshels aka kawo su kyauta a 1919. Ga gonakin kayan ƙamshi, ga dajin Jozani mai jajayen birai da ba a samun irinsu ko'ina sai a Zanzibar. Hutu ai ba barci kaɗai ba ne, wani in ya ga sabon abu ne kansa ke sakin aikin da ya baro.

Matafiyi:

Malam ban ƙi taka ba, Stone Town ta cancanci a gan ta. Amma ka duba abin da ka jero, gari da Changuu da gona da Jozani, wannan ai aikin kwana 3 ne cur, kuma daga Nungwi duk fita ɗaya awa 3 ce a mota zuwa da dawowa. Baiwar Allah nan cewa ta yi barci ke ɗauke su suna hira. Ga yadda za a raba gardamar Hajiya: garin bai fi kwata ɗin awa zuwa minti 20 daga filin jirgi ba, to ku bar shi sai ƙarshe. Ku nemi jirgin komawa na yamma ko na dare, ku baro arewa da safe, direba ya riƙe muku kaya a mota ko ku ajiye a wani otal na cikin gari, ku zaga lungunan, ku ci abincin rana, ku sayi tsaraba a kasuwar Darajani, ku wuce filin jirgi. Sauran ranakun kar ki rubuta musu komai. Masu tallan yawon ruwa za su yi ta zuwa har inda kike kwance, da fara'a za ki ce hapana asante, wato a'a na gode da Swahilanci, su wuce, in kika fara tambayar farashi kuwa kin samu abokin hira har yamma.

Uwar Ɗaki:

Ba wanda ya taɓo Morishus, bari in ɗan sa baki. A Yuli lokacin sanyinsu ne don kudu take sosai, ba sanyi mai cutarwa ba amma ruwan tekun da ɗan sanyi kuma gabas da kudu iska ta yi yawa, sai dai arewa ko yamma irin su Grand Baie da Flic en Flac. Filin jirgin kuma a kudu maso gabas yake, zuwa arewa sai an haura awa ɗaya a mota. Abin da ke da kyau ga marar iyo, murjani ya kewaye yawancin tsibirin ya tare manyan igiyoyi, ruwan gaɓa ba zurfi. Amma ita ƙasa ce ta a ɗauki mota a zaga, Port Louis da Le Morne da Chamarel, ba ta kwanciya wuri ɗaya ba, ni da zan zaɓa miki a Yuli Zanzibar ɗin zan ce. Shawara ɗaya da zan ƙara, ki sanar a wajen aiki cewa ba za a same ki ba, ki cire manhajar imel ɗin ofis daga wayar gaba ɗaya, shi ma maigidan haka, a bar lamba ɗaya ta mai riƙon yara. In ba ku yi haka ba ofis ɗin zai biyo ku har ƙarƙashin lemar.

Maman Biyu:

Alhamdulillahi, mun zauna jiya da dare mun tsayar, Yuli za mu ɗauka, Zanzibar, wuri ɗaya. Maigida ya ce Kendwa saboda faɗuwar ranar da aka ce, kuma mun yarda da tsarin barin Stone Town sai ranar komawa, Malamin Tarihi ka ga ba mu watsa maka ƙasa a ido ba. Gwaggo na adana bayaninki na Maldibs kaf, in Allah ya kai mu wani Afrilun. Saura tambaya biyu. Na ga tikitin da ke sauka a Dar es Salam ya fi araha, wai daga nan sai a hau jirgin ruwa a tsallaka, ya kuke gani? Sannan Kendwa ɗin shiru ne da dare ko akwai hayaniya?

Matafiyi:

Ki yanki wanda zai sauke ku a Zanzibar kai tsaye Hajiya, ko da da ɗan ƙari. Jirgin ruwan Dar es Salam wajen awa 2 yake yi, da rana kawai masu gudun ke tashi, kafin nan ga cunkoson motoci daga filin jirgi zuwa tashar, kuma a Yuli mashigin na da tangaɗi, ke da kika ce zuciyarki na tashi. In dole sai ta Dar ɗin, akwai ƙananan jiragen sama da ke tsallakawa cikin kamar minti 20, ki haɗa su a tikiti ɗaya don kaya su wuce da kansu.

Kendwa yawancin darare shiru ne, amma akwai wurin da ake casu da kiɗa har asuba duk lokacin da wata ya cika, galibi daren Asabar. Ki duba kalanda ki kauce wa wannan makon, ko ki kama otal ɗin da ke can ƙarshen gaɓar nesa da tsakiya. In za ki rubuta musu ki tambaye su kai tsaye ko ana jin kiɗa daga ɗakin, ki ce a ba ku wanda ba ya kusa da wurin cin abinci da janareta, sannan ki karanta ra'ayin waɗanda suka sauka a watannin baya-bayan nan, ba na shekarun baya ba.